Rasuwar Na'urar Hoton Ciki ta Likita Dabo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma 'yar kunya, Malam Dabo Sama'ilu na Kunci, wanda shekara huɗu ke nan ake kiransa Likita, yake sanar da 'yan uwa da masu kiwo rasuwar abokiyar aikinsa, na'urar hoton cikin dabbobi, wadda matan gari suka raɗa wa suna Mai Gani.

Marigayiyar ta zo hannunsa tana bazawara, don ta riga ta yi zama a wani asibitin dabbobi a birni. Dabo, wanda a lokacin allurar awaki kawai yake yi a kan babur, ya ɗauko ta da burin duba kyanwoyi da karnukan masu hali. A duk rayuwarta kyanwa ɗaya ta duba, ta wata malamar jami'a a Rijiyar Zaki, kuma kyanwar ta yakushe shi kafin a gama. Daga nan ta rungumi ƙaddara, ta koma kan awaki da tumaki. Duk mai shirin yankan suna ko kai akuya kasuwa sai ya biyo ta wajenta, don ba mai son a farke dabba a tarar da ɗa a ciki.

An shaide ta da haƙuri. Ta sha ƙura, ta sha harbin kofato, ba ta taɓa ƙorafi ba. In an kunna ta sai ta ce “ɗit”, in ta yi zafi fankarta ta ce “fuuu”. A dalilinta Dabo ya sayi farar riga, a dalilinta aka fara matsa masa a kan tabarmar dattawa.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da bunsurun maƙwabta ya tauna mata waya. Aka naɗe da salatif, ta ɗan farfaɗo, sai layuka suka cika mata fuska. Masu gyaran rediyo biyu sun duba ta, kowanne ya rage mata ƙusa ɗaya.

A nan ne mai sanarwa zai faɗi abin da ya fi masa nauyi. Marigayiyar ba jiya ta rasu ba, tun daminar bara ta cika. Dabo ya ji tsoron komawa Dabo mai allura, sai ya ci gaba da shafa wa awaki man nan mai sanyi, yana juya baƙar fuskar na'urar wajensa, yana haɗe gira kamar mai karanta wasiƙar kotu. Mai ɗakinsa Aina'u ce ke riƙe akuyar, hannunta a ƙarƙashin ciki, yadda ta koya wurin kakarta tun tana yarinya. Da tari take sanar da shi: tari ɗaya, ɗa ɗaya. Tari biyu, tagwaye. In ta yi shiru, a yanka lafiya. Ba su taɓa kuskure ba, har matan unguwa suka riƙa aiko mata da zuma da citta saboda tarin da ya ƙi jin magani.

Makon jiya Aina'u ta tafi biki Rimin Gado. Kwana huɗu Dabo yana zaune a zaure cikin farar riga, marigayiya a gabansa an goge ta fes, ko ɗan akuya bai leƙo ba. Ranar da ta dawo, kafin ta ajiye mayafi an ɗaure awaki bakwai a ƙofar gida. Inna Hure, tsohuwar da ta goya shi yana jariri, ita ta ja shi gefe ta gaya masa a hankali cewa kowa ya sani tun kaka. Sun yi shiru ne don rufin asiri, ganin yadda yake jin daɗin rigar. Zumar kuwa ladan Aina'u ce.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da rabin robar mai, da littafin bayani da ba a taɓa buɗewa ba, da miji guda da bai san inda zai sa fuskarsa ba.

Za a yi jana'iza gobe Laraba da hantsi. Ba za a yi mata wanka ba, domin ruwa bai taɓa karɓarta ba. Za a naɗe ta a farar rigar, a mayar da ita kwalinta, a tura ƙarƙashin gado. Zaman makoki a zaure ne, kwana uku. Wanda ya zo da akuya ya miƙa ta cikin gida wurin Aina'u, wadda tarinta ya warke sarai, kuma yanzu da bakinta take faɗa. Dabo ne zai riƙe ƙaho. Wanda ya manta ya kira shi Likita, Dabo yana roƙon kada ya gyara, zai amsa.