Rasuwar Kabad ɗin Ammi, Wanda Aka Cinye Daga Ciki

Da zuciya cike da baƙin ciki, da yatsa ɗaure da bandeji, ni Shaukat Barkat, a madadin iyalan marigayi Chaudhri Barkat Ali na unguwar Samanabad a Lahore, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kabad ɗin mahaifiyarmu Sughra Bibi, wadda muke kira Ammi. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakin da ya shafe fiye da shekara hamsin yana tsaye.

An haifi marigayin a Chiniot, a hannun masassaƙa, daga katako mai nauyi. Ya shigo gidanmu cikin kayan ɗakin Ammi, kuma tun ranar da ƙarti suka jingina shi da bango bai sake gusawa ba. Mai riƙon amana ne, ba shi da yawan magana. In an buɗe ƙofarsa ta hagu sai ya ce "ƙiiii", kuma da wannan kalma ɗaya ya tona asirin duk jikan da ya taɓa zuwa satar alewa. A kantarsa ta sama yake riƙe da abin da Ammi ta fi ji da shi, wato likkafaninta. Guda biyu suka tsoma a Zamzam ita da mahaifinmu shekarar da suka sauke farali. Shi ya tafi da nasa. Nata ne ya rage.

Ciwon ajali ya same shi a ƙarshen sanyin bana. Sikandar, babban akun nan mai shuɗi da rawaya, irin wanda ake kira makaw, da ƙanena ya bar mana sa'ad da ya tafi Dubai, shi ya gano cewa makullin marigayin ya saki. Ya shige ƙasa cikin barguna, ya fara fafe katako. Duk wanda ya matso sai ya tayar da gashi ya kawo sara. Da matata Nuzhat ta haska da tocila, sai ga ƙwai. Shekara tara muna ce mata "shi".

"Sikandar Sahib ya sauka lafiya," in ji Nuzhat. "Wa zai kawo ragon suna?"

An kira likitar tsuntsaye, Dakta Rubab. Ta tambayi abin da take ci, lokacin da take barci, da inda ake shafa ta. Amsoshin ba su yi mata daɗi ba. Ta ce tunda babu namiji, babu ɗa a cikin ƙwan, amma kada a kwashe su, don in an kwashe wasu za ta saka. A daina ba ta abinci mai maiƙo da ɗumi, a riƙa kashe fitila da wuri, a shafa mata kai kawai, domin shafar baya a wurin aku neman aure ce. Sannan a raba ta da lungu mai duhu, tunda shi ke gaya mata ta samu sheƙa.

Ammi ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Yarinya, kin taɓa haihuwa?"

"A'a, Khala," in ji likitar, wato Goggo.

"Na ga alama. Ba a tayar da mai jego kafin arba'in, ba a kuma hana ta panjiri."

Panjiri dai shi ne abin da aka ba kowace mace a zuriyarmu bayan haihuwa: garin alkama soyayye a man shanu, da sukari da almon, ɗan itacen nan mai kama da gyaɗa. Kowace safiya Ammi kan ciko ludayi mai dogon hannu ta zura shi cikin marigayin. Mai jegon ta yi ƙiba, ta ƙara ƙwai, ta ƙara zafin sara. Ta cinye kantar ƙasa, ta cinye katangar tsakiya, ta doshi sama. Daga waje marigayin yana nan tsaye da ƙyallinsa, sai dai garin katako da ake sharewa a ƙafafunsa.

Ana cikin haka hawan jini ya kwantar da Ammi a asibiti. Da aka sallamo ta, abu na farko da ta nema shi ne likkafaninta. Na zura hannu. Rahoton asibiti ya ce ƙashin bai karye ba.

"Ammi, a jefa mata tawul a kama ta mana," na ce. "Yanzu-yanzu an gama."

"Taɓa ta ka gani. Da na haife ka, wa ya jefa mini tawul?"

"To likkafanin fa? Kanta ɗaya ta rage tsakaninsu."

"Ba za a binne ni da yadin kasuwa ba, Shaukat. Irin na babanka nake so. Ka nemo dabara, ba kai ne mai rubuta wa gwamnati shawara ba?"

Dabarar ita ce a shiga ta sama. Kafinta Ustad Meraj ya hau tsani, ya cire kambin ado, ya ɓamɓare rufin, ya zaro ƙunshin ya miƙo mini. Babu wanda ya lura cewa rufin nan kaɗai ke riƙe da marigayin. Ya ce "ƙiiii", doguwa fiye da kullum, sannan gefunansa suka buɗe a hankali suka kwanta. Sikandar na zaune a tsakiya kan ƙwanta, cikin hasken rana, ko gashi ɗaya bai faɗi ba.

Ammi ta warware likkafanin a kan gado, ta bi shi da yatsa har ƙarshe. "Ba ta taɓa shi ba," ta ce. "Ta fi ku tarbiyya." Sai ta dubi katakon da ke ƙasa. "Tare muka shigo gidan nan. Na ɗauka ni zan riga shi fita."

Da duhun kabad ɗin ya tafi, kafin mako ya zagayo Sikandar ta tashi daga kan ƙwan da kanta, ta koma kejinta. Jiya ta miƙo mini kai in sosa. Dakta Rubab ba ta ce "ai na faɗa muku" ba, kuma iyali sun yaba da hakan.

Marigayin ya bar ƙofofi biyu, madubi mai tsaga, mukullin da ba shi da abin buɗewa, da tabon tsohon fenti daidai girmansa a bango.

Za a karɓi gaisuwa ranar Juma'a bayan La'asar. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo almon, kada su shafa bayan kowa, kuma su tashi kafin Magariba, don fitila ba ta wuce lokacin a gidan yanzu. Sauran panjiri za a raba wa masu ta'aziyya.

Ba za a sayar da gawar ga 'yan gwangwan ba. Tunda likita ta ce tauna katako na rage wa aku zafin rai, Ustad Meraj zai kankare fentin ya yayyanka marigayin, a riƙa miƙa wa Sikandar gutsure-gutsure har ya ƙare. Ammi ce ta yanke haka, kuma ita za ta riƙa miƙawa da hannunta. Ta ce a fara da ƙofar dama. Ta hagu, mai maganar, a jingine mata ita kusa da gado.