Shaddar Babban Sakatare

Kawuna ne ya ba ni labarin nan. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tuƙa wa Alhaji Haladu babbar mota, kuma ba ya ƙarin gishiri sai in an zo maganar gudun da yake yi a hanya.

A zamanin da gwamnati ta tashi haiƙan sai ƙasa ta riƙa sayar da kaya a waje, ta ce duk mai son kafa masana'anta za a ba shi fili da wuta, ya shigo da injuna ba haraji. Sharaɗi ɗaya ne, rabin abin da ya yi ya tsallaka iyaka. Alhaji Haladu, wanda jiya-jiya yake auna yadi a rumfa, ya kafa masaƙar shadda. Shaddar ba laifi, amma ka san halin mutanenmu, da sun ji an ce ta gida ce sai su yar kamar sun taɓa garwashi. Abin ya yi masa ciwo, sai ya nemo dabara. Motoci su yi lodi su tsallaka Maraɗi a buga musu hatimin fita, a can a sake wa kayan leda da takarda mai rubutun Faransanci, bayan kwana uku su dawo ta hanyar daji a matsayin 'yar waje. Kasuwa ta dinga wawaso. Duk shekara gwamnati ta ga hatimai ta yi tafi ta ƙara masa lasisi. Daga shadda ya shiga sabulu, ashana, batir, har taliya. Cikin shekara shida in ka yi atishawa a garin, da hankicin Haladu za ka share hanci.

Ba a rasa 'yan baƙin ciki, tsegumi ya kai sama. Ran nan sai ga wani babban sakatare ya dira a masaƙar, fuska a murtuke, da takardar ƙwace lasisi a hannu, saura kawai ya sa hannu. In ya sa, ma'aikata ɗari bakwai sun koma gida ke nan, har da kawuna da ke tsaye a bakin ƙofa.

Sakatare ya ce, “Alhaji, an ce kayanka ba sa zuwa ko'ina.”

Alhaji ya ce, “Ranka ya daɗe, ga hatimai nan.”

“Bar ni da hatimi. Wa zai sayi tsummanka a waje?” Ya miƙa hannun babbar rigarsa har hancin Alhaji. “Taɓa ka ji abin da ake kira shadda. Wannan daga waje aka kawo min. Ku nan ko shekara ɗari za ku yi ba za ku saƙa irinta ba.”

Alhaji ya murza, ya juya bakin rigar. Sai ga ɗan layin da injinsa na huɗu yake bari a jikin shadda tun ranar da aka kafa shi. Ya gyara wa sakatare rigar a kafaɗa cikin ladabi.

Sakatare ya cire murfin biro ya ce, “Tambaya ta ƙarshe, kuma ka ji tsoron Allah. Shaddarka tana fita waje ko ba ta fita?”

Alhaji ya ce, “Ranka ya daɗe, da ba ta fita ba, ai da ba ka sa ta ba.”