Ƙuri'ar Hajiya Kouloussoum

"Ya gajiyar zaɓe kuma, tsohuwa?"

Zabeirou ne ke gaisuwa yana tuɓe takalmi a ƙofar kakarsa, Hajiya Kouloussoum, a gidajen hayan Gate City, can ƙasar Turawa. Daga sito ya taso, ko rigar aiki bai cire ba. Hajiya kuwa ta cika ta yi fam. Bana ta zama 'yar ƙasa, jiya ta jefa ƙuri'arta ta farko, a zagayen farko na zaɓen kansilan unguwa. Ita da jikan nata sun yi wa Yemima alkawari, direbar bas ɗin da kan jira Hajiya ta ja ƙafa ta hau. Yemima da ƙashin kanta ta tsaya takara, babu ɗaya daga manyan jam'iyyun ƙasar biyu, mai alamar jaki ko mai alamar giwa, a bayanta. Da sakamako ya fito, ƙuri'a ɗaya tal ta samu a rumfarsu. Abin ya tsaya wa Hajiya a rai, don in ba tata aka ƙirga ba, ba ta san da idon da za ta kalli Yemima ba.

"Gajiya tana wurin ɓarayi," in ji ta. "Mu biyu muka je, ɗaya ta fito. Ko mashin ya cinye tawa, ko mijin nan nawa maƙaryaci ne."

"Mashin ɗin tausaya miki ya yi. Ya ce wannan tun zamanin Fir'auna take zaɓe, ta huta haka nan."

"Ungo naka! A Maraɗi gaban idonka ake zazzage akwati, a ɗaga kowace takarda a faɗi suna. Nan kuwa akwati ya haɗiye, a liƙa maka tambari a ƙirji kamar buhun shinkafa."

"Ki daina zagin akwatin mutane, uwargida. Ɗayar nan tawa ce."

"Taka? Kai da ake aike sayen barkono ka dawo da tumatir?"

"Ke da kike kiran kowane Bature Justin fa?"

"Ai duk sun yi kama da Justin! Amma sunan Yemima haddace shi na yi. Na shafe ɗan zanen ƙwan nan da ke gaban sunanta baƙi ƙirin, har biro ya kusa huda takarda. Sannan na ɗan ɗiga wa Nathan."

Dariyar Zabeirou ta tsaya cak. "Wa?"

"Nathan mana, abokin karawarta, wanda ya zo masallaci ya durƙusa har ƙasa ya gaishe mu. Mutum ya girmama ka, ka bar shi hannu rabbana? Ɗan kaɗan na sam masa, babban rabon na Yemima ne. Mashin ya yi ƙara, ma'aikaciyar ta yi ta zuba Turanci, na ce mata marsi, na gode, na danna koren maɓalli na fito abina."

Nan Zabeirou ya gano bakin zaren. Kujera ɗaya ce, duk wanda ya shafa wa mutum biyu ƙuri'arsa ta tashi a banza. Ba wanda ya saci ta Hajiya, kirkinta ne ya kashe ta. Ya dube ta, ta zuba masa ido tana murza carbi. Tausayinta ya kama shi, ya ji ba zai iya faɗa mata ba.

Ya sosa ƙeya. "To, asiri ya tonu. Nathan na zaɓa."

"Me ka ce?"

"Na ga Yemima ba za ta kai labari ba. Ɗayar nan taki ce."

Hajiya ta tafa hannu ta rangaɗa guɗa, har ɗankwali ya zame. "Na sani! Ashe mashinsu mai gaskiya ne, ɓarawon a gidana yake! Yau sai ka ba ni takardata, ba na zama da maci amana."

"Wa zai kwashe ki in na sake ki?"

"Gobe a bas zan faɗa wa Yemima, kowa ya ji."

"A rufa mini asiri, ranki ya daɗe."

Tana dariya har da hawaye ta turo masa kwanon dambu. "Ci, maci amana ma yana jin yunwa. Amma zagaye na biyu ƙafata ƙafarka, tare za mu tsaya kan takarda in ga abin da kake shafawa."

Zabeirou ya kai loma yana murmushi. "Na yarda, tsohuwa. Ki sa mini ido sosai."