Tukunyar Yalwa Ce Ta Gwada Simintinmu

Ranar Talata da safe na faɗa cikin ci gaba, ni da ɗan babur ɗina mobilet da huhun goro. Na fito zan tafi kasuwar Rood Woko, na bi ta kan sabon kaniwon da aka yi mana a Zongo, lambatun nan na siminti mai murafai da aka ce zai raba mu da ambaliya har abada. Murfi ya burma, ƙafar gaba ta shige, ni kuma na bi ta. Goro ya watse, rabi a titi, rabi a ruwan wanke-wanken unguwa. Shekara goma sha tara da samun 'yancin kai, sai ranar na ga abin da aka yi mana alkawari ido da ido, har na shaƙi warinsa.

Maƙwabcina Dabo magini ne ya ciro ni. Duk layin ana ta ƙyaƙyata dariya, shi kaɗai bai yi ba.

"Sannu, Maliki. Ni na zuba wannan murfin."

"To Allah ya yi wa hannunka albarka," na ce, ina matse wando.

"Ai na bi gida gida na ce kada a taka. Kai ka ce haushin kora ne ke damuna."

Haka na ce, ba zan musa ba. Na ji a rediyo cewa aikin ya ci jarrabawa, kuma ni mutum ne mai girmama rediyo. Yanzu da gwiwata ta kumbura, sai na zauna na saurari labarin da na ƙi ji mako uku da suka wuce.

Ashe kwaɓi biyu ake yi a shantiyen, wato wurin aikin. Akwai babba, na murafai: yashi, tsakuwa, ruwa, sai a kawo buhun siminti su gaisa. Akwai kuma ƙarami a cikin daro, wanda ake ba siminti har ya ƙoshi. Shi ake ɗurawa a gwangwanayen ƙarfe ya daskare, ya fito gunduma-gunduma kamar ƙaramin turmi. Waɗannan gundumomi Boukari, direban Patron ɗan kwangila, ke kaiwa labo, ɗakin gwaji, inda inji zai murƙushe su a ga ƙarfinsu, takarda ta dawo. Wato siminti mafi ƙarfi a Zongo shi ne wanda ke shiga mota ya bar unguwar.

Dabo ya gani ya yi shiru, don baki takwas ke jiransa a gida. Sai aiki ya iso ƙofar gidansa. Mahaifiyarsa, Inna Ƙaltume, idonta ya yi rauni, kuma kowace safiya sai ta dogara sanda ta tsallaka gaida maƙwabta. Tun daga ranar tuwo ya daina wuce masa.

Ya sami Patron, ɗan kwangilar. "Patron, wannan dozaj ɗin na kwaɓi ko jaki ba zai ɗauka ba."

"Jaki nawa gare ku a Zongo? Zubi aka ɗauke ka, Dabo, ba tafsiri ba."

Ya tari Ranka Ya Daɗe Mai Hular Roba, babban mai duba aiki, wanda ke zuwa ran Juma'a ya duba kilomita guda ba tare da ya kashe mota ba. Bawan Allah ya sauke gilashi rabi. "Malam, ni takarda nake dubawa. In ta ce bon, to aiki ya yi kyau ke nan."

Dabo ya ce to bari takardar ta faɗa da bakinta. Ya faki ido ya cika gwangwani uku da kwaɓin murafai, ainihin wanda za mu taka. Ya san in inji ya tona, aikinsa ya tafi. Ya yi istigfari, ya miƙa wa Boukari, ya jira kora.

Takarda ta dawo da tambari uku. Ba a taɓa ganin siminti mai kyau irin wannan ba. Patron har zom-kom, ruwan garin gero mai zaƙi, ya saya wa ma'aikata. Dabo ya ce mini ranar sai da ya fara zargin kansa, ko shekara ashirin da ya yi yana gini bai fahimci yashi ba.

Bayan kwana biyu ainihin sakamakon ya iso, a ƙafa, yana ɗingishi. Wata mata ce daga unguwar Larlé, Yalwa mai sayar da benga, wato dafaffen wake, ƙafarta naɗe da tsumma, hannunta riƙe da rabin gunduma.

"Ina Boukari? Boukari, ka cuce ni! Shekara biyu kana kawo mini duwatsun murhu ba wanda ya ko tsage. Waɗannan ukun fa? Ina ɗora tukunya suka marmashe! Wake a ƙasa, ruwan zafi a ƙafata. Dubi, dubi abin nan, da yatsa ake fasa shi!"

Ta murza shi a gaban kowa ya zube kamar garin rogo. Sai a lokacin ma'aikata suka gane dalilin da ya sa kullum uku-uku Boukari ke son a ba shi. Gundumomin ba su taɓa ganin inji ba. Takardar kan yi tafiyarta, su kuma su yi tasu.

Patron mutum ne mai kaifin basira, nan take ya gano inda laifi yake. Kafin azahar ya sallami Dabo, saboda lalata samfur. Boukari yana nan a bakin aikinsa, don shi ya san gidan da takarda take kwana.

Abin ya ƙona mini rai, jama'a, ba wasa ba. A duk wannan aiki mutum biyu ne suka gwada simintin da gaske: ɗaya ta ƙone, ɗaya yana zaune a gida. Na ukunsu ni ne, kuma ba da niyya ba. Dabo dai ya ɗage murfin ƙofarsa ya sa katako, kuma duk inda Inna za ta, yana riƙe da hannunta.

Jiya Alhamis aka zo karɓar aiki. Mai Girma Sarkin Almakashi da kansa, da makaɗa, da ƙyalle mai tsawo da zai yanka. Ramina an rufe shi da tabarma an ɗora tukunyar fure. Sai dai rumfar baƙi tana ƙetaren kaniwo, dole a tsallaka. Ina kallo Mai Hular Roba ya matsa ya raɗa wa Mai Girma magana a kunne. Mai Girma ya dubi murfin, ya tattare babbar riga, ya daka tsalle. Mai Hular Roba ya bi shi, takardar nan mai tambari uku a hammata. Patron, da tumbinsa da komai, ya ja da baya ya sheƙo a guje ya dira. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga, ba wanda tafin ƙafarsa ya taɓa siminti. Muka yi ta tafi.

"Dabo, me ake yi wa tafi?" in ji Inna Ƙaltume.

"Manya ne ke tsalle, Inna."

Na daɗe ina rubutawa a wannan shafi cewa manyanmu ba su san abin da ake gina mana ba. Yau na janye maganata, ina kuma neman afuwarsu. Sun sani sarai. Abin da ya rage kawai a turo wanda zai koya wa tsofaffinmu tsalle.