Ranar da Na Kulle Malam Ishaya Cikin Riga

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kulle malamin jikata a cikin riga, a gaban iyayen yara da fasto da duk wanda ya zo cin shinkafar banza. Ni na ɗinka rigar. Ni kuma na fito da shi, da wuƙa.

Ni mai ɗinkin buhu ne a kasuwar citta ta Kafanchan. Ban yi boko ba. Aikina ɗaya: a cika buhu, in kama bakinsa, in bi shi da basilla da zaren leda. Buhun da na ɗinke sai ya je Legas a bayan tirela, a jefo shi ƙasa, ko ɓarin citta ba a gani. Na ga duniya. An ƙona mini rumfa lokacin rikici, na kafa wata. Mota ta kife da mu a hanyar Kagoro, na fito na kaɗe wando na taya jan sauran. Na binne ɗana, na binne matata. Duk wannan bai sa na sunkuyar da kai a titi ba. Riga ce ta sa.

Matata Ladi ita ce mai keken ɗinki. Duk Disamba sai ta bi telolin layinmu ta kwaso ragowar ƙyallaye, ta yanka su daidai, ta harhaɗa. Ta yi wa dangi mayafin gado da rigar filo da jakar coci, malaman Zigwai ma kowa da nasa. Zigwai jikarmu ce, 'yar marigayin ɗana, a hannunmu ta tashi. A firamarensu da wannan aka san ta. Ranar fatin rufe makaranta na Kirsimeti wasu yara su kawo kaza, wasu doya, ita ta kawo ɗinkin kakarta.

Ladi ta tafi gida wurin Ubangiji da damina. Disamba ta zo, keke yana kusurwa an lulluɓe shi da zane.

Wata safiya Zigwai tana shan kunu, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Baba, bana ba zan je fati ba."

"Dalili?"

"Malam Ishaya ya faɗa a gaban aji wai zai yi kewar ɗinkin Kaka. Kowa ya juyo yana kallona. Na gaji da sannu. In na je hannu wofi, wuni zan yi ana ce mini sannu."

"Za ki je. Da ɗinki a hannu."

"Wa zai ɗinka?"

"Ni."

Ta ajiye kofi, ta yi mini kallon da ake yi wa akuyar da ta ce za ta hau bagadi ta yi wa'azi. "Baba, kai buhu kake ɗinkawa."

"Ɗinki ɗinki ne."

(Ku riƙe wannan magana. Ita ta kai ni inda ta kai ni.)

Na fara da keke. Na taka, ya koma baya. Na sake takawa, ya ƙwace ƙyallen ya gudu da shi, ya haɗa da hannun rigata. Allura ta karye, na sa wata, ta bi 'yar'uwarta. Ana cikin haka maƙwabciyarmu Saratu, wadda tela ce ta gaske, ta leƙo ta katanga.

"Baba Zigwai, keke ne ke kuka haka ko alade ake yankawa?"

"Ina aiki."

"Kawo in taya ka. Ladi 'yar zumuntarmu ce ta matan coci, ba sai ka roƙe ni ba."

"Tun ba a haife ki ba nake riƙe allura."

"Basilla dai."

"Basilla uwar allura ce."

Ta miƙo mini tef ɗin awo, na ƙi karɓa. Lambobin jikinsa ba su san ni ba, ni ma ban san su ba. Ina da ido, ina da yatsu. Na mayar wa keke zanensa, na ɗauko kayan aikina na gado.

Da dangi na soma. Na yi wa yayata Talatu ta Zangon Kataf jakar coci, ƙyalle kala-kala, na ba direba ya kai. Ta bugo waya tana murna. "Na gode, ƙanena. Abin sauke tukunyar nan yana da kauri, ko zafi ba na ji." Ashe na ɗinke bakin jakar. Hannuna ya ga baki a buɗe, ya rufe, bai ma yi shawara da ni ba. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni cewa na yi idon Talatu ya tsufa.

Saura Malam Ishaya. Ladi zanen teburi take yi masa. Ni na ga abin ya yi ƙanƙanta (ka ji mai zuciya). Mutumin nan da babur yake zuwa makaranta da sanyin safiya, riga ta kamace shi, mai kauri. Sai dai kyauta ce, ba a auna mutum yana sane. Coci ɗaya muke zuwa, don haka ran Lahadi na zauna a bayansa. Da aka ce a rufe ido a yi addu'a, kowa ya rufe, ni na buɗe nawa. Na auna kafaɗarsa da tafin hannu a iska. Na zo wuya. Wuyansa siriri ne kamar na zabo. Na zagaye shi da yatsu daga nesa, na riƙe yatsun a haka har gida don kada awo ya zube. Ko fasto ban ba hannu ba a bakin ƙofa. Ya ɗauka ciwon sanyi ne ya kama ni, ya yi mini addu'a.

A gida na ɗora yatsun kan ƙyalle, na zana da gawayi, na yanke. Har na ɗan rage, don a sana'armu baki mai faɗi abin kunya ne, kuma kada sanyi ya sami hanya. Abin da ban duba ba shi ne abin da ke zaune a kan wuyan. Malam Ishaya mutum ne mai ilimi, Allah kuma ya ba shi isasshen wurin ajiye shi.

A rumfata na yi aikin, tsakanin buhu da buhu. Ƙyalle a sama, ƙyalle a ƙasa, tsohon bargon da nake zama a kai a tsakiya. Na bi ko'ina da zaren leda, wuya kuma na ninka masa. Maɓalli ban sa ba. Ban iya ba, sai na ce aikin ragwaye ne. A ƙirji na sa guntun zanen Ladi, shuɗi mai ganye, wanda take ɗaurawa in za ta kasuwa.

Da na kai gida Zigwai ta ɗaga rigar da hannu biyu, ta ajiye a ƙasa. Rigar ta tsaya da kanta.

"Baba, wannan riga ce ko rumbu?"

"Ta sanyi ce."

Ta buɗe baki za ta ƙara, sai idonta ya faɗa kan ƙirjin. Ta shafa wurin. "Na Kaka ne." Ta nemo takarda ta naɗe.

Ranar fati aka jera benci ƙarƙashin mangwaro. Yara suka yi wasan haihuwar Yesu, har da tunkiyar gaske. Kulolin shinkafa na gefe, ido na kansu. Aka zo kyaututtuka. Kaza ta wuce, doya ta wuce, aka kira Zigwai. Na gyara zama, na harɗe ƙafa kamar ciyaman.

Malam ya kwance takarda, ya ɗaga rigar. Wuri ya yi tsit. Ni na ɗauka sha'awa ce. Mai riƙe da lasifika, wani matashin malami wanda bakinsa ba ya hutu, ya ce, "Kai, jama'a! Malam, ai sai ka gwada mana!" Iyaye suka ɗauka, "A sa! A sa!" Malam ya yi murmushin neman ceto. Ni da ya kamata in cece shi, na ɗaga murya na ce, "Sa mana, Malam. Ba ta yagewa."

Ya ɗaga hannu sama ya zura. Rigar ta sauko ta haɗiye fuskarsa. Ta bakin wuya, tsakar kansa kawai ta leƙo, sanƙo yana ƙyalli kamar ƙwai a kan gammo. Iyaye maza biyu suka taso taimako, suka ja ƙasa da ƙarfin noma. Ta zo goshi ta cije. Suka ce to a cire. Suka ja sama, hammata ta riƙe. Ba gaba, ba baya. Hannuwansa a sama kamar wanda 'yan sanda suka tare.

Sai atishawa ta fara. Bargon nan ya shekara yana shan garin citta a rumfata. Mu hancinmu ya mutu tuntuni, na Malam kuwa da ransa. Rigar ta riƙa zabura ita kaɗai. Daga ciki muka ji murya, "Jama'a... ba na gani... yaji..."

"A yaga ta!" in ji wata mata.

Malamin wasanni, ƙato, ya kama wuyan ya ja har jijiyar goshinsa ta fito. Ko zare ɗaya bai motsa ba. (In faɗi gaskiya, a wannan lokacin na ɗan ji daɗi. Allah ya gafarta mini.)

Sai na hango Zigwai. Tana tsaye inda aka bar ta, takardar a hannu, ido a ƙasa. Yaran ajinsu sun fara tafi suna "Buhun Malam! Buhun Malam!" Daɗin ya gudu. Na miƙe, na sa hannu a aljihu, na zaro wuƙar da nake farke buhu da ita, na nufi fili. Ban yi wa kowa bayani ba. Ban saba ba.

A Kafanchan in tsoho ya zaro wuƙa cikin taro, ba a tsayawa tambayar dalili. Mun sha gani. Wata ta ƙwala ihu, "Wuƙa!" Shi ke nan. Benci ya kife. Kular shinkafa ta kife. Maryamu ta cikin wasan ta yar da jariri ta bi makiyaya, tunkiya ta wuce su duka. Mai lasifika ya ajiye lasifika, karon farko da aka ji shirunsa. Fasto kuma ya tafi bayan mangwaro, na san addu'a ya je yi.

Malam yana ciki, ba ya gani, kunne kawai ke aiki. Ya ji wuƙa, ya ji gudu, shi ma ya zuba. Hannu a sama, babu kai, riga kala-kala tana atishawa tana zagaya fili kamar dodon gargajiya. Ni kuma ina biye da wuƙa ina cewa, "Tsaya." Wa zai tsaya?

Zigwai ce ta tare shi. Ta riƙe gindin rigar da hannu biyu. "Malam, Baba ne! Zare zai yanke, zare kawai!" Ya tsaya yana haki. Na kama wuyan ta gaba, ta buge mini hannu.

"Ta baya, Baba. Kada ka taɓa na Kaka."

Na zagaya. Na farke rigar daga ƙeya har ƙugu, yadda nake farke buhu. Malam ya fito. Ido ja, hanci na zuba, goshi da zane kamar an ɗaura masa igiya. Mutane suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa. Na tsaya ina jiran zagi. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya share fuska, ya kama hannuna ya ce, "Baba, na gode ƙwarai. Akwai ɗumi."

Daga can bayan taro muryar Saratu ta taso, "Basilla uwar allura!" Wurin ya fashe da dariya. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Da alama ita ma ni na ɗinke ta.

A hanyar gida Zigwai tana gaba, ina baya. A haka muka wuce layin dogo. A bakin ƙofa na ce, "Na ɓata miki."

Ta juyo. Kafaɗarta na rawa. Na ɗauka kuka ne.

"Baba, ka san wani abu? Yau ko mutum ɗaya bai ce mini sannu ba. Duk Malam suke ce wa."

Ta durƙusa tana dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariya a gidan tun Ladi na da rai. Na shige ɗaki na bar ta. Hayaƙin maƙwabta ne ya shiga mini ido.

Malam ya kai wa Saratu rigar, ta buɗe wuyan, ta sa mata zif. Har yau in sanyi ya sauko yana sa ta a kan babur, shuɗin zanen Ladi a ƙirji. Ba ta yage ba. Ba za ta yage ba. Zigwai kuma ta koyi keke wurin Saratu, ita ke ɗinkin Disamba yanzu. Ni an ba ni muƙami: in ta gama, ni nake ɗinke buhun da ake kai wa Talatu kaya a ciki.

Abin da na koya ba shi da yawa. Abin da za ka zuba citta, rufe masa baki. Abin da mutum zai shiga, bar masa ƙofar fita. In kuma za ka auna mai ilimi, fara daga kai.

Ina nan kasuwar citta, a rumfata. Masu lodi suna kirana Tela. Ba na amsawa. Buhu nake ɗinkawa, shi ba ya atishawa.