Rasuwar Suwaitar Baba Direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu cike da tabon allura, Baba Direba na sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar suwaitarsa ta fari, wato rigar sanyin da ya saƙa da hannunsa. Ta rasu a bahon wanki, a gaban idonsa.

Ga waɗanda ba su sani ba, tun da Baba ya ajiye tuƙi likita ya ce ya samo abin da zai riƙa motsa yatsu, kada su sandare. Ya fara da allurar nan mai ƙaya da ake caccaka ulu da ita har ya dunƙule. Ya ce kyanwa yake yi, jikoki suka ce dankali ne mai kunne. Da ya ga ya fi cakar yatsa a kan ulun, sai ya koma saƙa da tsinke biyu.

A nan aka samu marigayiya. Ya fara ta ne domin babbar jikarsa, wadda yake tsokana da amaryarsa, da za ta tafi karatu ƙasar sanyi. Ya rantse ba za ta hau jirgi ba sai da ita a jiki.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri. An warware ta ba adadi, ba ta taɓa ƙorafi ba. Hannunta na hagu ya fi na dama tsawo, wuyanta kuwa sai kan tunkiya, amma ba a gulmar mamaci. Maƙwabta ba za su manta da muryarta ba, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, daga kujerar baranda, sai can a ji tsit, alamar idon saƙa ya kuɓuce daga tsinke.

Ciwon ajali ya faro ne daga ɗigon shayi a ƙirji. Maiɗakinsa ta ce a bari ta wanke a hankali da ruwan sanyi. Baba ya ƙi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana fitar da baƙin mai daga riga, wa zai koya masa wanki? Ya tafasa ruwa, ya zuba omo, ya dirza kamar tsumman mota. Marigayiya ta shiga ruwa da girmanta, ta fito ko jariri sai ya riƙe numfashi kafin ta shige shi. Ta yi tauri kamar tabarmar ƙofa. An ja ta, an miƙe, ɗas ɗaya ta ce, shi ke nan. An ce Baba ya shige ɗaki bai ci abincin rana ba, wai mura ce ta sa masa jan ido.

Ta bar tsinkaye biyu, rabin dunƙulen zare, da yayarta kyanwar dankali.

Da Baba ya so a binne ta a kwandon shara ba tare da jikar ta sani ba, sai ga labari ya riga shi, ba a san ta bakin wa ba. Jikar ta zo ta karɓi gawa, ta zura butar shayinta a ciki, ta zauna ɗas kamar an gwada.

Saboda haka za a yi jana'iza ranar tafiya, a cikin akwatin jikar, a saman kaya. Zaman makoki a baranda. Mai zuwa gaisuwa ya taho da zare, ya kuma bar dariyarsa a bakin ƙofa, Baba ya riga ya ɗora wata a kan tsinke.