Ranar da Na Kafa Harsashi a Filin Baba Sajan

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na gayyaci rabin garin Zuru su zo su ga abin kunyata da idonsu ba.

Ni malamar firamare ce. Shekara uku da suka wuce na kamu da zazzaɓin harkar filaye. A waya na ɗauko shi, wajen masu bidiyon nan da ke cewa ƙasa ba ta ruɓewa. Cikin wata guda na zama gwana a bakina. Ko a ofishin malamai aka ce kayan miya sun yi tsada, sai in gyara zama in ce, "Ku sayi fili, jama'a." (A lokacin ko tukunyar fure ban mallaka ba.)

Da na haɗa tarin da na daɗe ina yi, wani dillali ya ɗauke ni a mashin zuwa hanyar Manga. Ya tsaya gindin wata ɗorawa, ya miƙa hannu ya ce, "Malama, daga bishiyar nan zuwa can." Ni kuwa ina ta ɗaukar kaina hoto, ban ma kalli inda hannun ya nuna ba. Aka yi takarda gaban mai unguwa, shaidu suka sa hannu, komai daidai. Na ninke ta na cusa ƙarƙashin akwati ban karanta ba.

Maigidana ya ce, "Maman Ladi, ki kira mai awo ya kafa miki duwatsun iyaka kafin ki taɓa komai."

Na ce, "Baban Ladi, bar wa masu harkar harkarsu." Ya ce to. (Mutumin nan in ya ce "to" a irin wannan muryar, ya kamata in riƙa jin tsoro.)

Na sa aka share gabas da ɗorawa, wuri shimfiɗaɗɗe mai kyau. Aka sauke yashi, aka jera bulo, magina suka haƙa rami. Sai na ga ai irin wannan ba a yin sa shiru. Na gayyaci Fasto, da matan zumuntar cocinmu, da abokan aikina, har da Madam Ngozi mai shagon siminti. Na dafa shinkafa, na ɗinka sabuwar atamfa.

Na fara da jawabi. Wai ni ce nake gargaɗin mutane cewa kada su sayi fili sai sun bincika sosai. Aka tafa mini.

Fasto na cikin addu'a sai ga wani dattijo a kan keke. Ya jingine keken, ya cire hula, ya shigo cikinmu ya sunkuyar da kai. Duk inda Fasto ya ce, "Allah ya albarkaci mai wannan fili," amin ɗin dattijon ta fi ta kowa ƙarfi. Har na ji daɗi, na ce a raina maƙwabcin kirki na samu. Wata ta raɗa mini cewa Baba Sajan ne, tsohon soja.

Da aka shafa, ya matso ya kama hannuna da hannu biyu.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. Tun da na bar aikin soja nake son in yi gini a nan, ƙarfi bai kai ba. Ɗaki nawa za ki yi mini?"

Na yi dariya, ni kaɗai. Na ce, "Baba, ai filina ne."

Ya ce, "A'a. Naki na yamma da ɗorawa. Ina wurin aka yi takardarki, ni ne shaida na biyu."

Wallahi ban gane shi ba, don ranar ma hankalina na kan waya. Maigidana ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar (ashe ya taho da ita), ya miƙa wa Fasto. Fasto ya gyara tabarau ya karanta da muryar wa'azi: "Yamma da ɗorawa."

Kowa ya juya yamma. Ga filina can, ciyawa har ƙugu, awakin wani suna kiwo a ciki hankali kwance. Na ji kamar in shige ramin harsashin a rufe ni. Sai Madam Ngozi ta ce, "Malama, siminti dai in ya fita shago ba ya dawowa."

Nan wurin ya fashe da dariya. Har Fasto sai da ya zauna a kan bulo yana share hawaye.

Abin da ya cece ni, Baba Sajan bai ɗauke shi da zafi ba. Da wani ne, da sai mun gurfana gaban mai unguwa. Ya ce ya gode da ramin, zai riƙe abinsa, sauran kaya a kwashe. Matan zumunta suka yi gammo da gyalensu, suka dinga jidar bulo zuwa yamma suna waƙa, ni ma na bi layi da sabuwar atamfata. Baba Sajan ya ci shinkafa faranti biyu, ya nuna wa mai awo iyaka da kansa ranar Litinin.

Yau ɗakuna biyu ne a filin nawa, da 'yan haya masu mutunci, kuma Baba ne ke sa mini ido a kansu. A makaranta kuwa sunana ya koma "Malama Gabas", har hedimasta haka yake kirana.

Ni da nake dukan tebur kullum ina ce wa yara su karanta tambaya kafin su amsa, ga inda na ƙare. In za ku sayi fili, ku karanta takarda, ku kira mai awo, ku gaisa da maƙwabta. Sannan in kun ga baƙo yana zabga amin fiye da ku a wurin addu'arku, ku dakatar da Fasto ku tambayi dalili.